Yadda Kawunku Habu Ya Shiga Cikin Makafi da Idonsa Biyu

Wannan babin don ku na rubuta shi, ku 'ya'yan Yaya Binta, musamman ke Ummi da kika tsare ni ranar sunan ƙaninki kina tambayata me ya sa ake ce wa Kawu Habu makaho, alhali shi ne yake zura wa Inna zare a allura. Na ce miki zan ba ki amsa, amma ranar gidan a cike yake, kuma amsar ba ta tsaye ba ce. Na san wasu za su ce wane tarihi ne da Nafi'u, yaron da ko aure bai yi ba, mai cajin waya a bakin titi. To ni dai na ga abu da idona, kuma in na ce sai na yi furfura zan faɗa, labarin 'yan tasha ne zai riga nawa zuwa kunnenku, su kuwa kullum ƙara masa gishiri suke yi. Don haka ku zauna ku ji daga bakin wanda aka yi komai a gabansa.

Ku dai kun buɗi ido kun ga Yaya Habu yadda yake, ba kwa ma ganin wani abu ne. Mu da muka taso tare da shi mun san tun yana ƙarami ba ya son a taɓa shi ba zato, ba ya kallon mutum a ido, kuma in aka yi masa tambaya, abin da aka tambaya kawai zai amsa, ba ƙari. In ka ce masa "Yaya, ko ka san inda aka ajiye fartanya?" sai ya ce "Na sani," ya ci gaba da abin da yake yi. Sai ka sake cewa "A ina?" sannan ya faɗa. Ba rainin hankali ba ne, wallahi, haka kansa yake ɗaukar magana. A gona kuwa ba ka da abin cewa, in ya kama kunya sai ya kai ƙarshenta. Matsalarsa ɗaya ce babba, hayaniya da cunkoso. Gidan biki, kasuwa, tasha. Da zarar muryoyi sun hau kan juna sai ya fara wani gunji a ƙasan maƙogwaro, yana murza babban yatsansa a tafin hannu, in abin ya yi yawa ya toshe kunnuwa ya durƙusa. Lokacin Baba yana raye an kai shi wajen malamai, an yi rubutu, an yi hayaƙi, Baba ya gaji ya ce a ƙyale masa ɗa haka Allah ya ba shi. Inna kuma abu ɗaya ta riƙe, ba a faɗar maganar Habu a waje. In baƙuwa ta tambaya, cewa take yi kunya ce ta yi masa yawa.

Shekarar da Baba ya rasu, da aka gama kaka, Kawu Sule ƙanin Inna, mai wankin hula a Rano, ya ce a ba shi Habu ya riƙa taya shi. Aikin ya dace da shi kamar don shi aka yi. Rumfar tana can cikin lungu, ba mai damunsa, daga shi sai ruwa da sabulu da huluna. Ya san zanna, ya san damanga, ya san ƙube, kuma ba ya taɓa haɗa hular wani da ta wani. Sai dai Rano ba bayan gida ba ce, dole a shiga mota. Ranar farko ni na raka shi tashar Kibiya. Tun daga bakin tasha 'yan kamasho suka yi mana ca, wannan ya ja hannun rigarsa, wancan yana ihu a kunnensa "Rano! Rano! Saura mutum ɗaya!" Aka cusa mu a baya mu huɗu, ga wani da kaji a cinya, ga rediyo a ƙure. Mota ta fara tafiya ke nan, ko titi ba mu hau ba, Yaya ya buɗe ƙofa ya faɗa waje. Allah ya sa ba gudu ake yi ba, gwiwa kawai ya kurje. Direban ya fito yana salati yana zagi a haɗe. Yaya ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa, ya kama hanyar Rano a ƙafa. Daga ranar haka ya riƙa yi, kullum, zuwa da dawowa.

Ku da kuke zuwa Rano a mota kuna cin gyaɗa ba za ku gane ba. Yana idar da sallar asuba zai fita, amma ba ya isa sai rana ta take, lokacin Kawu ya riga ya ci rabin aikin shi kaɗai. In ya taso kuma ba ya shigowa gida sai an yi isha'i, ya tarar tuwonsa ya daɗe da hucewa. Dugadugansa suka tsage, silifas kuwa ban san iyakar waɗanda ya cinye ba. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Kuma bai taɓa cewa komai ba. Wata Juma'a Kawu ya zo gaishe da Inna, ina kwance a ɗaki ina jin su.

"Yaya, ni fa ba korar yaron nan zan yi ba," in ji Kawu. "Amma azumi ya matso. Kin san hular Sallah, tun daga goman farko ake jibgo ta. Ina bukatar mutum da sassafe. In Habu ba zai iya ba, dole in ɗauki wani, kuma rumfar ba ta ɗaukar mutum uku."

"To ya kwana can wajenka mana."

"Na gwada! Ya ce ba nan ne wajen kwanansa ba. Ya fice ya taho. Kuma ke kanki, za ki bar shi ya yi tafiyar nan da azumi a baki, cikin wannan zafin?"

Ni kuwa na tashi zaune, don na san in aikin nan ya kuɓuce, Yaya zai koma zaman bayan ɗaki yana kallon katanga har damina ta faɗi, kuma na ga yadda yake zama in ya yi irin wannan zaman.

To a nan ne wayata ta shigo labarin. Kun san ni da tone-tone. Makaranta ban yi nisa ba, amma rumfar caji ta koya mini karatu fiye da aji, don in ba ciniki sai in yi ta bincike, Turancin da ban gane ba in sa waya ta juya mini shi. Na riƙa rubuta halayen Yaya ɗaya bayan ɗaya ina nema, sai ga mutane a ƙasashe daban-daban suna ba da labarin 'yan'uwansu, kai ka ce a gidanmu suka kwana. Toshe kunne, murza yatsa, amsa iya tambaya, duk! Suna ce wa abin otizim. Ban yarda da kaina ba, don ni ba likita ba ne, sai na samu ranar da wani likitan ƙwaƙwalwa yake zuwa asibiti a Rano daga birni, na lallaɓa Yaya muka biya daga rumfar Kawu. Likitan ya daɗe da mu, ya ce abin da nake zato ya yi kama sosai, ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, kuma ba wata ƙwaya da za a haɗiya ta cire shi. Ya ce abin yi shi ne a gyara masa hanya yadda zai iya bi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani abu ne da na karanta daban. Wai a wasu ƙasashen, taimakon zirga-zirga da ake ba naƙasassu ba gurgu da makaho kaɗai ake ba wa ba. Har wanda ƙafarsa lafiya lau, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta barinsa ya yi tafiya yadda kowa yake yi, shi ma ana lissafa shi. Abin da suke dubawa shi ne, mutumin nan yana iya zuwa inda zai je ko ba ya iyawa? Na ajiye wayar na ce, ikon Allah! To mu a nan wa ake tambaya?

Don mu ma muna da namu tsarin, ba a rubuce yake ba amma kowa ya san shi. A tasharmu, motar farko da take tashi zuwa Rano da safe, ana barin gidan gaba saboda masu lalura, kuma direba ba ya karɓar komai a hannunsu, sadakarsa ce ta buɗe rana. Da yamma ma haka in za a dawo. Sai dai ba kowa ne zai zo ya ce shi mai lalura ne a ba shi ba. Sai sarkinka ya yi maka magana. Guragu suna da sarkinsu, makafi suna da nasu, kurame ma haka. Duk abin da zai zo na rabo, ko keken guragu ne, ko hatsi, ta hannun sarakunan nan yake bi. Na zauna na yi ta juya abin a kaina, mai irin lalurar Yaya fa, waye sarkinsa? Na tambayi masu kawo caji, na tambayi mai shayi, na tambayi limamin unguwarmu. Kowa sai ya yi dariya, in ya ga da gaske nake sai ya ce, kai, gaskiya babu.

Na fara da Sarkin Guragu, Malam Tanko, tunda maganar tafiya ce. Na same shi a kan kekensa a ƙofar gida yana gyaran wata tsohuwar fitila. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe bayani tun daga farko, har da na ƙasashen waje, ina ta zuba kamar rediyo. Ya bar ni na gama.

"Wai Habu na gidan marigayi Malam Audu? Wanda nake gani yana wuce ni da asuba kamar an biyo shi?"

"Shi, ranka ya daɗe."

"Mutumin da yake zuwa Rano a ƙafa ya dawo a ƙafa, shi ne kake nema wa kujerar guragu? Yaro, ka dube ni da kyau. In Allah ya ba ni ƙafafun yayanka na wuni ɗaya, Kano zan tafi, ba Rano ba."

Mutanen da suke wajen suka fashe da dariya. Ni ma na so in yi, don maganarsa ba ƙarya ba ce. Ya ƙara da cewa a mota ɗaya kaɗai ake barin kujerar, kuma akwai Mati, wani gurgu daga Nariya da yake ɗinkin takalma a Rano, shi ya fi hawanta. Ya ce in na samo masa inda ƙafar Habu ta lalace, in dawo.

Na koma gida raina a jagule, kuma kafin in isa labari ya riga ni. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Nafi'u, ni ka kai ƙara wajen guragu?"

"Inna, ba ƙara ba ce, tambaya na je yi."

"Tun yaron nan yana goye nake rufa masa asiri. Ubanku ya tafi bai taɓa jin an kira ɗansa da wani suna ba. Kai kuma da ka iya latsa waya, rana ɗaya ka kai shi bakin titi ka baje."

"Inna, ai kowa yana ganinsa a hanya kullum."

"Suna ganinsa, amma ba su da abin cewa. Yanzu ka ba su."

Wannan maganar ta dame ni, don ita ma gaskiya ce. Amma azumi yana ta matsowa, Kawu kuma har ya fara yi wa wani yaron unguwarsu magana. Sai na ce bari in gwada ƙofa ɗaya, in ta rufe na haƙura. Na tafi wajen Sarkin Makafi, Malam Idi. Ku ba ku san shi sosai ba, tsoho ne dogo, mai son barkwanci, a gindin wata tsamiya yake wuni shi da mutanensa suna tufkar igiyar rama. Wannan karon na rage surutu. Ya saurare ni hannunsa bai daina tufka ba.

"Ka je wajen Tanko?"

"Na je, ranka ya daɗe."

"Ya ce ƙafa lafiya, ko? Ai Tanko ba abin da yake gani a jikin mutum sai ƙafa. Ko sarki ne ya zo wucewa, ƙafarsa zai kalla." Mutanensa suka yi dariya. "To ni ba zan ce maka e ba, ba zan ce a'a ba. Ni ban taɓa ganin yayanka ba, kuma ba ni da niyyar ganinsa. Ka kawo mini shi ranar kasuwa, da hantsi."

Na ce masa ranar kasuwa ita ce ranar da Yaya ya fi gudun cikin gari. Ya ce ya sani, shi ya sa.

Ranar Kawu ya ba shi hutu, na gaya wa Yaya tun da wuri inda za mu da wanda za mu gani, don ba ya son a yi masa ba-zata. Muka je. Malam Idi bai miƙa masa hannu ba, da ma na gaya masa. Sai ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya miƙa wa Yaya ƙarshenta.

"Malam Habu, mai ja mini gora ya tafi ƙauye. Ka taimaka ka kai ni masallacin bakin tasha. Ka riƙe can, ni in riƙe nan."

"To," in ji Yaya.

Hanyar masallacin kuwa ta tsakiyar tasha ta ratsa. Na buɗe baki zan yi magana, wani makaho da yake zaune ya ce, "Kai mai waya, yi shiru ka bi su." Na bi su a baya. Da farko lafiya lau, Yaya yana gaba, sanda a tsakani, har yana kauce wa rami yana jira tsohon ya wuce. Muna matsowa kasuwa, ga masu awo, ga masu babura, ga mai maganin gargajiya da lasifika, sai na fara jin gunjin nan. Tafiyarsa ta canza, ya riƙa sauri yana tsayawa. Da muka kai bakin tasha, wani ɗan kamasho ya kwarara ihu daf da shi, mota ta danna ham, Yaya ya tsaya cak. Hannunsa ɗaya ya tafi kunne. Ɗayan yana riƙe da sanda, bai saki ba, amma daga inda nake ina ganin sandar tana kaɗawa kamar reshe. Na yunƙura zan je, sai na ji Malam Idi ya yi magana, a hankali, ba irin muryarsa ta barkwanci ba.

"Ya isa, Malam Habu. Na ji. Kada ka saki sandar. Rufe idonka."

Yaya ya rufe.

"To yanzu ni zan wuce gaba. Kai dai ka riƙe, ka biyo ni."

Wallahi Ummi, da idona na ga wannan. Tsohon ya zagayo yana lalube da ƙafa, ya koma gaba, ya ɗaga murya ya ce, "Hanya, bayin Allah!" Kun san yadda mutane suke yi wa makaho, ba mai ja masa riga, ba mai yi masa ihu a kunne. Tashar nan ta dare gida biyu. Makaho a gaba, mai ido a baya ido a rufe, hannu ɗaya a kunne, suka ratsa tsakiyar motoci har ƙofar masallaci. 'Yan kamasho suka saki baki. Wani ya ce, "Yau kuma wa yake jan wa?"

Da suka zauna a inuwar masallaci, Yaya ya daɗe kafin numfashinsa ya dawo daidai. Malam Idi ya sa aka kira masa shugaban tasha, wanda kowa yake ce wa Ciyaman, wani kakkauran mutum mai son a gama magana da wuri.

"Ciyaman, na kawo maka mutumina."

"Wanne, Sarki? Wannan ai Habu ne. Idonsa ya fi nawa."

"Ni na tambaye ka idonsa? Shekara nawa ina riƙe sanda, yara sun ja ni, manya sun ja ni, matsorata sun ja ni. Na san hannun mai tsoro, na san na mai wasa. Abin da na ji a sandar nan yau ban taɓa jin irinsa ba. Mutumin nan a cikin tasharku ba ya ganin hanya, ni na fi shi ganinta. Wanda kuwa ba ya ganin hanya nawa ne."

Ciyaman ya sosa ƙeya. Ya ce shi ba ya jayayya da Sarki, amma gidan gaba mutum biyu yake ci, in Habu ba ya son a matse shi, wane direba ne zai yarda ya tashi da gurbi a banza? A nan ne fa aka shiga ciniki, ni kuma bakina ya buɗe, na faɗi duk abin da na sani game da Yaya. Ciyaman da kansa ya kawo dabarar kaya. Ya ce kullum akwai saƙon da ake ba direbobi, ƙullin igiyar makafi, kwalin magani, buhun barkono, a riƙa ɗora shi a tsakiya, Habu ya zauna ta jikin ƙofa. Kaya dai ba ya magana, ba ya zungurin mutum. Na ce kuma ba zai iya shiga daga cikin tasha ba. Aka ce ya tsaya a gindin mangwaron da yake bayan gidan mai, a ɗauke shi a can. Na ce saura rediyo.

"Rediyon ma?" in ji wani direba da ake kira Ɗanjuma, da yake tsaye yana saurare. "To ni in rufe bakina ma mana, in riƙa tuƙi kamar gawa!"

"Da fasinjanka sun gode wa Allah," in ji Malam Idi.

Sai dai Sarki ya kafa sharaɗi. Ya ce shi ba ya yi wa mutum magana a ɓoye. In Habu ya shiga ƙarƙashinsa, to ya shiga, za a faɗa a gaban mutanensa, in suna da taro zai zo ya zauna, ko daga gefe ne. Kuma sai mahaifiyarsa ta sani. Wannan shi ne abin da na fi tsoro.

Bayan la'asar na sami Inna, Yaya Binta ma ta zo, wato mamarku, lokacin tana da cikin Ummi. Yaya Habu yana zaune a bakin rijiya yana wanke ƙafarsa. Na faɗi yadda aka yi. Inna ta ajiye abin da yake hannunta.

"Makafi. Ɗan nawa da na haifa da ido biyu, shi za a kai cikin makafi."

"Inna, suna ne kawai," in ji Yaya Binta.

"Suna ne kawai? Ke kin san abin da suna yake yi a garin nan? Ya bi shi, ya bi 'ya'yanku. Gobe a ce gidan su makaho." Sai ta juya wajen rijiya, abin da ba ta cika yi ba, don yawanci a kansa ake magana, ba da shi ba. "Habu, kana jin abin da ƙaninka ya ƙulla? Za a riƙa ce maka makaho."

"Ai ina gani," in ji Yaya.

"Na san kana gani! Amma za su faɗa. Yara za su bi ka suna faɗa."

Ya ci gaba da zuba ruwa a dugadugansa. Mun ɗauka ya gama, don ba tambaya aka yi masa ba. Can sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Su faɗa. Inna, ƙafata ta gaji."

Tunda nake ban taɓa jin Yaya ya faɗi abin da yake damunsa da bakinsa ba sai ranar. Inna ta kalli ƙafafun nan, ta daɗe tana kallo. Ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta ce e ba, amma ba ta hana ba, mu kuma a gidanmu mun san ma'anar wannan.

Ba zan ɓoye muku abin da ya biyo baya ba, don ba kyauta aka samu ba. Abin da Inna ta faɗa ya faru, sunan ya kama shi ram, har ga shi ya zo kunnenku. Ta yi kusan wata ba ta zuwa biki ko suna, kuma ni gaisuwa kawai take amsa mini. Malam Tanko ya yi fushi, ya ce makafi sun yi masa kutse, kuma yana da hujja, don Mati na Nariya ya koma jiran mota ta biyu, wadda ba ta cika da wuri, sai da Ciyaman ya roƙi direbobinta su ma su riƙa yi masa alfarma. Har yau in na wuce Mati sai na ji nauyi, shi kuwa sai ya ce, "Mai waya, yaushe za ka samo mini nawa binciken?" Kuma tambayar da na fara da ita tana nan ba amsa. Akwai wata mata a Kahu da ba ta iya fita ƙofar gida saboda firgici, akwai wani saurayi a bayan kasuwa da yake shan maganin asibitin ƙwaƙwalwa, shi ma zuwa karɓo maganin yaƙi ne. Su ba su da sarki, kuma ba kowa ne Malam Idi zai ɗauka ba. Ina nan ina ta tambaya, ban daina ba.

Ranar farko dai ana saura 'yan kwanaki azumi ne. Na raka shi gindin mangwaro. Ɗanjuma ya tsaya, rediyo a kashe, fuskarsa a murtuke, ga ƙullin igiya a tsakiyar kujera. Yaya ya zagaya motar, ya taɓa ƙofar, ya shiga, ya sauke gilashi. Suka tafi. Na wuni a rumfa ina sa wayar wani a cajar wani, ina jiran a kira ni a ce ya faɗo. Ba wanda ya kira sai Kawu, shi ma cewa ya yi, "Kai, ya riga ni zuwa rumfa."

Da yamma, rana ba ta faɗi ba, kaji ma ba su shiga akurki ba, sai muka ji sallama. Duk muka juya, don mun manta rabon da mu ga ya dawo daga aiki da hasken rana a tsakar gidan nan. Ya tsaya shi ma kamar bai san inda zai zauna ba. Aka yi magariba, Inna ta kwashe tuwo, ta zuba miya, ta tura masa kwanonsa. Ya wanke hannu, ya gutsura, ya kai baki. Sai ya tsaya, ya ajiye lomar, ya dubi kwanon.

"Inna, tuwon nan da zafi."

Inna ta juya baya tana gyara itacen murhu, wutar da ba abin da ya same ta.

"Da ma haka yake," in ji ta. "Ka bari ya huce."